Wa Yake Danna Maɓallin Kaka?

Zuwa ga jikata Injiniya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, kin san kunnena ya daina jin waya, shi ya sa na ba direba takarda.

Shafin nan da kika yi mini a kwamfuta, mai maɓallin "Ina lafiya" da nake dannawa kowace safiya don hankalinki ya kwanta, ya fara abin da ban gane ba. Shekaranjiya jiri ya kayar da ni a ƙofar banɗaki, ban tashi ba sai da rana ta take. Da na rarrafo ɗaki, na tarar alamar da ke nuna na danna ta riga ta zama kore. Jiya na naɗe hannu ina kallo. Ƙarfe takwas daidai ta koma kore da kanta. Wa yake amsa miki a madadina?

Allah ya yi miki albarka.
Kakanki.

Kaka sarkin rigima,

Ina gaisuwa. Ba aljani ba ne, ni ce. Shafinka da na wani shagon magani a saba ɗaya suke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafuka, kuma fayil ɗin JavaScript ɗaya suke ɗauka, mai ba su umarnin abin da za su yi, don kada in riƙa rubuta abu sau biyu. Masu shagon suka ce odarsu ta riƙa tafiya da kanta ƙarfe takwas. Na sa musu a fayil ɗin, na manta kai ma daga nan kake sha, shi ya sa maɓallinka yake danna kansa. In na cire yanzu, odarsu ta tsaya. Bari in samu sarari in ware maka naka. Ka riƙa cin abinci, don Allah.

Ka huta lafiya.
Jikarka.

Injiniya,

Bayan gaisuwa, na fahimta. A zamaninmu, wanda ya sa wa wani hannu a rajistar safe ta ofis, korarsa ake yi. Ban ce a kore ki ba.

Maƙwabcina tela ya tashi, gidan saura ni da agogon bango. Ƙafar hagu kuma na fara janta. Kada ki yarda da koren nan. Rubutun ya karkace, ki yi haƙuri.

Na bar ki lafiya.
Kakanki.

Kaka,

Ina gaisuwa. Yau na ware naka. Da na duba, tun ranar takardarka ta ƙarshe babu hannun da ya taɓa maɓallin. Kwana tara ke nan, fayil ɗin ne yake amsa mini.

Na ce wa direba ya yi ta buga ƙofa har ka buɗe, ni ma ina bayansa. In ka karanta wannan, zage ni yadda kake so, amma ka danna.

Jikarka.