Takardar Da Ka Aike Ni Da Ita Gubi

Zuwa ga Babban Lauya, shugaban ofishin da nake koyon aiki a GRA, Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, ina neman afuwa da na fito fili da wannan magana. Ba zan kama sunanka ba, Yallaɓai, ba kuma zan kama na ofis ba. Sau uku ina zuwa ƙofarka da ita. Sau biyu sakatariya ta ce kana kotu, na ukun ka saurare ni a tsaye kana neman makullin mota. Shi ya sa na rubuta.

Ni ce ɗalibar da makarantar horar da lauyoyi ta turo maka domin sanin makamar aiki, wadda ta ce maka tun ranar farko shari'ar iyali take son ƙwarewa a kai: aure, saki, gado da riƙon yara. Ka ce na zaɓi wahala. Na yi murmushi, don na ɗauka yawan karatu kake nufi.

Na farko, abin da ya faru. Makonni uku da suka wuce, ranar Talata, ka miƙo mini ambulan ka ce in kai wani gida wajen Gubi. Takarda ce a kan matar nan da muke tsaya wa, wadda mijinta ya rasu, tana fita takaba yayan mijin ya kwashe 'ya'yanta mata biyu ya hana ta ganinsu. Muna gayyatarsa sulhu ne kafin a shiga gaban alƙali. Al'adar ofishinka ce ɗalibai ke kai irin waɗannan takardu, don a cewarka lauyan iyali sai ya san ƙofar gidajen mutane. Na hau keke napep ni kaɗai, da baƙi da farin kayana da kowa ya san na lauyoyi ne.

Baffan yaran bai yi mini tsawa ba. Da ma ya yi, da na san inda na dosa. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa, ya karɓi takardar ya ajiye gefe bai buɗe ba. Muka gaisa har da tambayar gajiya. Sannan ya ce, "Yarinya, ke 'yar gidan waye a garin nan?"

Yallaɓai, ka san yadda aka raine mu. Dattijo ya tambaye ka asalinka, ba ka ce masa ba ruwansa. Bakina ya riga hankalina. Na faɗi sunan mahaifina, na ce a Tirwun muke, na ƙara da cewa tsohon malamin dabbobi ne. Ya ce ai ya san shi, shi ya taɓa yi wa shanunsu allura. Har daɗi na ji, wallahi. Na dawo ofis ina ganin na iya aiki.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Ranar Juma'a bayan saukowa daga masallaci sai ga shi a ƙofar gidanmu da wasu maza biyu. Ya ce wa mahaifina sun zo ganin gida ne. Ina daga bayan ƙofa ina ji. Bai zagi kowa ba. Ya yabi tarbiyyata, ya ce yana ganina kullum da safe ina tsayuwa a bakin titi ni kaɗai ina jiran abin hawa, hanya kuwa yanzu sai addu'a. Ya ce 'ya mace mai shiga tsakanin mutum da marayun ƙaninsa tana bukatar mai ja mata kunne tun da wuri. Ya yi sallama cikin fara'a ya tafi.

Tun daga ranar, da safe akwai mai babur da ke tsayawa gindin dalbejiyar da ke kallon gidanmu. Ba ya ɗaukar fasinja. In na fito ya tayar da babur, in na hau keke ya biyo mu har shataletale sannan ya juya. Wataƙila ba komai ba ne. Na faɗa wa kaina haka ya fi a ƙirga, amma ban yarda ba. Ina jin ƙarar babur a bayana sai in waiga. Mahaifiyata ta koma raka ni bakin titi da carbi a hannu, ni da na gama jami'a. Mahaifina mai hawan jini ne, kuma tun zuwan mutanen nan ya daina zama a waje da yamma.

Na uku, amsar da ka ba ni. Ka yi dariya ka ce haka kuka koya ku ma, wanda ba shi da zuciya ya koma rubuta takardun filaye. Ina girmama shekarunka a wannan aiki. Amma kai a motarka kake zuwa kotu, gidanka da maigadi, kuma babu wanda zai zaunar da kai a tabarma ya tambaye ka ɗan gidan waye. An koya mana yadda ake tsayuwa gaban alƙali, da yadda ake rusunawa, da irin takalmin da za a sa. Babu wanda ya taɓa gaya mini abin da zan ce idan wanda muke ƙara ya tambayi sunan ubana. Kuskuren nawa ne, na amsa. Amma ɗaliba ce ni, kuskure na zo yi a gabanka don ka gyara, ba a zauren wani ni kaɗai ba.

Ina kuma tsoron wannan wasiƙa kanta. Littafin shaidar aikina yana kan teburinka, in ba ka sa hannu ba makaranta ba za ta ɗauka na yi komai ba. Na san haka, na kuma rubuta, domin jiya na ga an miƙa wa wata ɗaliba sabuwar ambulan.

Ga roƙona, Yallaɓai. A daina aiken ɗalibai gidajen waɗanda ake shari'a da su. Akwai ma'aikacin kotu mai kai sammaci, akwai masinjan ofis. In dole ne ɗalibi ya je don ya koya, ya je tare da babba. A zaunar da mu a koya mana yadda za mu ƙi faɗin gidajenmu ba tare da mun yi wa dattijo rashin kunya ba. Sannan ka sanar da alƙali ziyarar da aka kawo mana, ka kuma rubuta wa baffan yaran cewa 'yar aike ce kawai ni.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Ranar Litinin za a fara zaman shari'ar, kuma matar nan ta roƙe ni in zauna kusa da ita, don ni ce mace ɗaya a ɓangarenta. Mahaifina ya ce ba zan taka ƙofar gida ba ranar, kuma in bar shari'ar iyali gaba ɗaya, sai fa idan wanda ya aike ni ya zo da ƙafarsa ya dube shi ido da ido ya ce ya ɗauki amanata. Ban taɓa saɓa masa ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Saura kwana huɗu. Da na ce ka zo, sai na tuna ba ka san hanya ba, don ba ka taɓa tambayata inda nake ba. Mutumin da nake tsoro ya san gidanmu, ya san lokacin fitata, kai da ka aike ni wurinsa ba ka sani ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya tsare maka 'ya'yanka a duk inda aka aike su, Ya mayar da yaran nan biyu hannun mahaifiyarsu.

Wassalam.

Ɗalibarka,
daga Tirwun, Bauchi.