Gadon Bahijja a Kwando

Shagari,
Laraba, tsakiyar bazara.

Zuwa ga Yayana Maniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da Hauwa'u da yara. Yaya zafi, yaya kasuwar Bodinga? Tun da sanƙarau ya tafi da jinka ba mu da halin yin magana a waya, abin da ke cina kuma ya fi ƙarfin ɗan saƙo, shi ya sa na rubuta na ba Mode direba.

An gama rabon gadon Mustapha, Allah ya jiƙansa. Shanunsa da ke ƙauyen Horo Birni duk an sayar, don yanzu babu makiyayin da zai yarda ya kwana da su a daji. Rabon ɗiyata Bahijja da tumunin takabata suna banki. Ka san kafin ya rasu ya faɗa a gaban shaidu ni zan riƙe mata dukiyarta, saboda ciwonta na sikila. Yaya, riƙon nan ya hana ni sukuni. Maganin da nake saya mata kowane wata ya kusa ninka kuɗinsa tun bara, kuɗin kuwa suna zaune yadda suke. Kullum na je kantin magani sai in ga gadon marainiya yana ƙanƙancewa alhali ban taɓa shi ba. Albashin koyarwa kuwa ka san shi.

Baffanta Tukur, wan Mustapha, ya zo har sau biyu. Yana son in ba shi kuɗin ya saye albasa yanzu da take da araha, ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, in kaka ta wuce ya sayar. Ba na zarginsa da cuta. Amma da idona na ga albasar da ta ruɓe masa shekarar da ruwa ya yi yawa, har sai da aka kwashe ta da amalanke aka zubar bayan gari. Na ce ya ba ni lokaci. Ya fita ba sallama.

Safinatu da muka yi kwaleji tare, wadda ke aiki a Sakkwato, ta nuna mini wata hanya da ita kanta ta daɗe tana bi. Ana kiran abin ETF. Ta ce in ɗauka kwando ne da aka zuba hannun jarin kamfanoni da yawa a ciki. Maimakon in saya na kamfani guda, in ya faɗi in faɗi tare da shi, sai in saya ɗan yanki na kwandon duka, ta hannun dillali mai rajista, a wayata. Ba ta yi mini alkawarin riba ba. Ta ce yana hawa yana sauka, kuma wannan ne ya sa na fi yarda da ita a kan masu yawo gida gida suna cewa za su ninka kuɗi.

Matsalar ita ce kwandunan ba guda ba ne. Akwai na manyan kamfanonin ƙasa, shi ya fi samun masu ciniki, amma akwai bankunan ruwa da kamfanin giya a ciki. Akwai na takardun bashin gwamnati, wanda ruwa ne zalla. Akwai na zinari, akwai kuma wanda aka ce malamai sun tace shi bisa Shari'a. Na karanta bayanansu har kaina ya yi ciwo, ban iya tsai da shawara ba. Da kuɗina ne da na daɗe da rufe ido na zaɓa.

Don Allah ka rubuto mini abin da ka gani. Ba ni da wanda zan tambaya ba tare da maganar ta koma kunnen dangin Mustapha ba.

Ka gai da kowa. Bahijja tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Ramatu.

Shagari,
Lahadi, kafin ruwan farko.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Yaya ƙafar Hauwa'u, ta sauka?

Amsarka ta zo. Ka ce ba ka san kasuwar nan ba, amma in tambayi malamai, kuma kada in zuba komai wuri guda, in bar wani abu a hannu. Na farkon na yi. Na biyun, Yaya, ban yi ba, kuma ga yadda aka yi.

Liman ya saurare ni da haƙuri. Ya ce juya dukiyar maraya abu ne mai kyau, amma in nisanci na ruwa da na giya. Sai ya rage saura biyu. Safinatu ta zo ta zauna da ni, muka duba abin da kowanne ke cirewa na ladan kula a shekara, muka duba kamfanonin da ke cikin na Shari'ar. Masu siminti ne da masu sukari da na sadarwa, abubuwan da ko a nan Shagari ana sayensu kullum. Na zinarin kuwa ta ce idan naira ta faɗi yakan tashi. Ta ja mini kunne cewa kwandunan biyu ba kullum ake samun masu sayensu ba, wata rana sai ka sa a kasuwa ka yi ta jira. Na ji ta, na ce to. Niyyata in raba kuɗin uku, kashi ɗaya ya zauna a banki saboda asibiti.

Kafin in yi haka sai Tukur ya tara 'yan'uwansa a zauren gidansu aka aiko kirana. Suka ce mace mai ƙuruciya gobe za ta yi aure ta kai dukiyar ɗiyarsu gidan wani. Wani ƙanensu ya ce tun da kuɗin na banki zaune, a je gaban alƙali a karɓe su. Na durƙusa ina sauraro har suka gama. Da na dawo gida ko mayafi ban cire ba na ɗauki waya na saya. Kashi biyu na Shari'a, kashi ɗaya na zinari, da nawa da nata duka. Ɗan abin da na bari bai taka kara ya karya ba. Tunanina a lokacin shi ne in kai kuɗin inda hannu ba zai kai gare su da sauri ba.

Tun daga ranar farashin na Shari'ar yake sauka. Ba da yawa ba, amma kowace safiya sai in ga jan rubutu. A cikin aji ina koyar da yara ina leƙa waya a ƙarƙashin tebur. Safinatu ta ce in daina dubawa, abin na shekaru ne ba na kwanaki ba. Ita ba ta riƙe amanar mamaci ba. Tukur ya ji abin da na yi, ya ce a faɗa mini na kai gadon ɗan'uwansa caca. Matarsa ta daina amsa gaisuwata a wurin suna.

Kada ka yi fushi da ni. Ka sa ni a addu'a, don abinci ma ya daina shiga.

Taka,
Ramatu.

Sakkwato, ɗakin yara na asibiti,
Litinin.

Yaya Maniru,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwa nake yinsa.

Muna asibiti tun ranar Juma'a. Zazzaɓin damina ya kama Bahijja, ciwon ya tashi irin wanda ban taɓa gani ba. Da la'asar ina ba ta ruwa sai na ga bakinta ya karkace, maganarta ta sarƙe. Mode ne ya ɗauko mu. Mun wuce ta bakin kasuwarku, na hango layin shagonka, ban iya cewa a tsaya ba.

Likita ya ce ba ƙarin jini na yau da kullum take bukata ba. Sai an riƙa zare nata ana mayar da wani, kuma a yi mata hoton ƙwaƙwalwa. Sun yi iya abin da za su iya, sun sa mata leda guda, amma sauran jinin da kayan aikin da hoton duk saye ake yi. Abin da na bari a banki ya ƙare tun ranar farko.

Na buɗe waya in sayar, na iske kasuwar hannun jari ta tashi, sai Litinin. Asabar da Lahadi na yi su ina kallon dukiyar ɗiyata a rubuce a tafin hannuna, ita kuma tana kwance gabana hannunta na hagu ba ya motsi. Yau tun buɗe kasuwa na sa duka a sayarwa. Na zinarin babu mai taya ko ɗaya. Na Shari'ar wani ya taya ɗan kaɗan a ƙasa da abin da na saya, na saki, sai dillalin ya ce ko an saya sai an yi kwanaki kafin kuɗin su shigo hannuna. Na roƙe shi har na yi kuka a waya. Ya ce ƙa'idar kasuwa ce, ba shi da iko.

Safinatu ta kawo abin da take da shi, da shi aka yi hoton. Na sayar da 'yan kunnena. Saura na jinin, kuma likita ya ce kowace rana da ta wuce tana da muhimmanci. Ban aika wa Tukur ba. Da wane baki zan faɗa masa?

Yaya, ka faɗa mini in bar wani abu a hannu, Safinatu ma ta faɗa. Ni na rufe kuɗin don kada a taɓa su, ga shi ni ma na kasa taɓawa. Duk abin da kake da shi ka zo da shi, ko ka ba Mode. In akwai wanda jininsa zai yi a cikin samarin unguwarku, ku taho tare. Ɗazu ta buɗe ido ta so ta kira ni, kalmar ta ƙi fita. Ka zo, don Allah ka zo.

Ramatu.

Shagari,
Alhamis, ƙarshen damina.

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Hauwa'u da yara duka. Yaya kuka ji da ruwan makon jiya? Allah ya saka maka da alheri a kan zuwanka da samarin da ka kawo. Ka ga abubuwa da idonka a asibiti, amma na san ba ka ji abin da aka faɗa ba, ni kuma a lokacin ban samu sukunin rubuta maka ba. Yanzu da muka dawo gida bari in ba ka labari.

Ka ga shigowar Tukur ranar Talata da laka har gwiwa. Mode ne ya faɗa masa, ba ni ba. Da ya ji, sai ya buɗe rudunsa ya kira 'yan sari ya sayar da albasarsa duka a farashin da suka ga dama, alhali da ya jira kaka ta wuce da ta ninka. Abin da ya dogara da shi ke nan na shekara. Bai tsaya ta kaina ba, kai tsaye ya wuce wurin biya, sannan ya miƙa hannunsa aka ɗebi jininsa. Da na je in durƙusa masa sai ya kau da kai ya ce, “Ɗiyar Mustapha ce. Tashi ki koma wurinta.”

Kuɗin abin da na sayar sun shigo bayan an gama aikin. Sauran da ba a saya ba na janye su daga kasuwa. Da muka dawo na ɗauki kuɗin na kai masa gida. Ya ƙi karɓa. Ya ce in ajiye su inda zan iya ɗauka ko ranar Juma'a ce, kuma har gobe bai yarda da dukiyar da ba ya iya taɓa ta da hannu ba. Amma maganar alƙali ta mutu, shi da kansa ya tsawata wa ƙanen nasu.

Na yi yadda ya ce. Na ƙara sayar da wani kashi a hankali, wannan karon ba cikin gaggawa ba, har sai da abin da ke banki ya isa kwanciyar asibiti. Sauran na bar su a kwandunan biyu. Na zinarin ya ɗan hau, na Shari'ar bai gama komawa inda na saye shi ba. Na cire manhajar dillalin daga fuskar waya, sai ƙarshen wata nake dubawa, kuma duk abin da na gani ina rubuta wa Tukur ko bai tambaya ba. Ban sani ba ko zaɓin nan zai yi kyau nan da shekaru. Abin da na sani shi ne barin kuɗin su narke ma ba mafita ba ne.

Abu guda ne ya ƙi barina. Na tambayi likita ko da an yi aikin tun ranar Asabar da hannun bai shanye ba. Ya ce babu mai iya faɗa mini wannan, wataƙila ɓarnar ta auku tun kafin mu baro Shagari. Na so ya ce e ko a'a. Yanzu da wannan nake kwana nake tashi, kuma ban faɗa wa kowa ba sai kai.

Maganarta ta dawo, sai dai a hankali take fita. Ƙafar tana ja kaɗan. An koya mini yadda zan riƙa motsa mata hannun safe da yamma, tana kuka ina yi, wani lokaci mu yi kukan tare. Jiya da hantsi na zuba mata kunu na juya ina wanke-wanke, da na waiwayo sai na ga ta ɗora hannun dama a cinya, ta kama kofin da na hagun. Rabin kunun ya zube a zaninta, amma ta kai shi baki. Ta ce lallai in rubuta maka wannan, ga shi na rubuta.

Allah ya bar zumunci, ya ƙara maka lafiya. Ka gai da Hauwa'u da kyau.

Ni ce ƙanwarka,
Ramatu.