Bushiyar Roni

Kano, ran Asabar

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan jiki da sauƙi. Yaya damina, yaya Iya Mairam? Na san ita za ta karanta maka wannan, to Iya ban da tsallake layi.

Tun da na baro Roni raina bai kwanta ba. Ranar da na zo na yi sallama, na durƙusa gabanka, ka daɗe ba ka amsa ba. Na ce a raina shi ke nan, Baba bai gane ni ba. Iya kuma ta ce tun da idon ya tafi ka daina zuwa gonar gyaɗa, ko ƙofar gida sai an matsa maka.

A makon nan malaminmu na likitancin dabbobi ya nuna mana ƙwaƙwalwar bushiya. 'Yar mitsitsiya ce, sumul, babu lanƙwashe-lanƙwashe irin na tamu. Amma a gabanta akwai ƙulli biyu manya, aikinsu jin ƙanshi kawai. Ashe bushiya dishi-dishi take gani, da hanci da kunne take kiwo, har motsin ƙwaro a ƙarƙashin ganye tana ji. Ina kallo sai ga hawaye, 'yan ajinmu suka zaci tausayin bushiya nake.

Baba, ita ma in ta dunƙule takan ware ta fita. Don Allah ka fita.

'Yarka mai kewarka,
Zara

Roni, ran Laraba

Zara,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai. Yaya karatu? Allah ya yi miki albarka.

Wato ilimin da na tura ki nema ke nan, ki ce da ubanki bushiya. Uwarki ba ta tsallake layin ba, maimaita shi ma ta yi tana dariya.

Jiya ta ja mini sanda muka je gona. Tun daga bakin hanya na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙafata kuma ta gaya mini ciyawa ta cinye kunyoyi. Gobe da ni za a yi noma.

Maganar ranar nan kuwa, tun kina zaure na gane ki. Humrar uwarki kika shafa, ga warin maganin ɗakin gwajinku a ƙarƙashinta. Shirun da na yi, fuskarki nake tunowa, ina jira ta gama fito mini kafin in amsa.

Ki riƙa zuwa, ki zauna kusa.

Mahaifinki,
Kyari