Rigar 'Yar Tsanarki Tana Shago

Auta,

Na fita kina barci. Kafin ki buɗe kabad ki fasa ihu, rigar 'yar tsanarki tana wurina, waccan mai gaɓoɓi da kike lanƙwasa mata gwiwa kina ɗaukarta hoto.

Jiya da kika faɗi kuɗin rigar, har kina murna wai an yi miki ragi, ai kin ji abin da na ce: "Wannan ƙyallen da bai isa share hanci ba?" To, da sassafe na ɗauko ta na farke ɗinkin, don in yanka miki irinta da ragowar yadi, ki daina ƙona albashinki.

Farkewa ta yi daɗi, mayarwa ce ta gagara. Hannun rigar ko ɗan yatsana ba ya shiga. Keke ya cinye wuyan. Maɓalli ɗaya ya faɗi, na bi shi da rarrafe har ƙarƙashin gado, mamanki na tsaye a kaina tana cewa, "Sannu da aiki, babban tela."

Na tafi da ita shago, can akwai haske da ƙaramar allura. Ita kuma madam, 'yar tsanar taki, na zura ta cikin safata, wankakkiya ce. Sai hararata take yi da idanun gilas ɗin nan.

Ki yi haƙuri. Kuma duk wadda ta ɗinka rigar nan, kada ki sake neman ragi a wurinta. Cutarta kika yi.

Babanki