Bindigar da Yaya ya ce in aiko

Yaya Saminu, don Allah wa ya gaya maka a Madina ana sayar da bindiga a kasuwa kamar dabino? Assalamu alaikum, ka yi haƙuri na fara da faɗa, raina ne a ɓace. Ina fata kuna lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, ya tsare ku. Ni lafiyata ƙalau, zafi ne kawai.

Na ji saƙonka, cewa hukuma ta zo ta karɓe bindigar marigayi Baba da ta sauran 'yan sintiri, ga ɓarayin daji sun fara leƙo gonakin bayan gari. Ka ce in nemo ƙarama in cusa a kwalin dabino, mai zuwa umara ya kawo maka. Ni kuma da wautata na ɗauka nan ma kamar gida ne, inda mutum zai kai wa maƙeri bututu ya ƙera masa harba-ka-ruga. Na samo bututun ruwa na nufi unguwar Ƙurban wajen Baba Abdussamad mai walda, Bahaushe ne amma haifaffen nan. Na gaishe shi, na miƙa masa, na yi bayani a gaban mutane.

Yaya, mutumin nan sai da ya jawo ƙofar shago ya rufe. Ya tambaye ni ko ni majanuni ne, wato mahaukaci. Ya ce shi da yake ɗan ƙasa ma sai da ruhusa, takardar izini ke nan, kuma sai an binciki mutum ciki da waje. Ya ce balle ni baƙo mai iƙama, wato takardar zama, ta aikin wanke-wanke, in shurɗa, 'yan sandan nan, suka ji, gidan yari ne, daga nan a tasa ƙeyata gida. Kwalin dabinon kuwa, wai na'urar filin jirgi har ƙwallon ciki take gani.

Na ce masa to su waɗanda suke kore mana shanu wa ya ba su ruhusa? Sai ya ce ai wannan dokar ce ta sa nan ake barin shago a buɗe a tafi salla. Ni dai na rasa gane kan abin. Dokar da ke ba su barci a nan, a can mu kaɗai take kamawa.

Babu bindiga, Yaya, kada ka jira. Ka kwashe Inna da matarka Indo da yara ka kai su Gusau gidan Gwaggo Tasallah kafin a fara girbi. Gero ya tsaya a gona in ya so. Ka gaishe su duka, da Kawu Jumare.

Yanzu kafilina, wanda nake zaune da sunansa, ya aiko in je da iƙamata a hannu, bai faɗi dalili ba. Shagon Baba Abdussamad kuwa cike yake da mutane ranar da na yi maganar bindigar. Ku sa ni a addu'a, bari in tafi.

Ƙaninka,
Hamidu