Baki a Rufe

Khon Kaen, 6 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Bunrot,

Bayan gaisuwa mai yawa, hannu biyu a haɗe, da fatan kana lafiya, kai da 'ya'ya da jikoki. Lamduan ce. In ka ce wace Lamduan, to tsufa ya gama da kai, don mace ɗaya ce ta yi shekara huɗu tana zama kusa da kai a motar majigin Kawu Khamphong, kana yi wa mazan fim murya, tana yi wa matan.

Da ƙyar na samo ka. 'Yarka Wanphen ce ta ɗauki waya, ta ce wai ba ka magana a waya, sai dai wasiƙa. Na ce ai kuwa bai canza ba, girman kan nan yana nan.

Ga abin da ya sa na neme ka. An tsinci "Mai Jiran Kwalekwale". Eh, shi dai, mai kadan robar nan da ake hango ƙafar mutum a cikinsa. A rumbun wani haikali aka samu faifan, ƙarƙashin tsofaffin tabarmi. Wasu yara masu tattara tsofaffin finafinai a Bangkok suka wanke shi, suka gyara, da suka kunna suka ji shiru sai hankalinsu ya tashi, wai muryar ta lalace! Sai da wani dattijo ya gaya musu haka ake ɗaukar finafinan zamaninmu, hoto zalla, mu ne muryar. Littafin maganganun kuwa ba wanda ya san inda ya shiga.

Yanzu wai fim ɗin ya zama abin yayi. Na ga wani saurayi mai gashi shuɗi sanye da riga mai hoton kadan, na yi dariya har na ƙware. Za su nuna shi ranar Lahadi, 23 ga Yuni, ƙarfe biyu na rana, a wani tsohon gidan silima, kuma suna so a yi muryar a gaban jama'a kamar da. Sun bi garuruwa suna tambaya, suka tarar a cikin waɗanda suka taɓa yi masa murya mu biyu kaɗai muka rage.

Maganganun mata suna kaina tsaf. Na maza rabi ya zube. Ka zo, Yaya. Zan taho da shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza, ba kuma zan tambaye ka komai ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Lamduan

*

Nakhon Phanom, 15 ga Mayu

Zuwa ga Malama Lamduan,

Na amsa gaisuwarki, ina kuma gaishe ki da iyalinki da kyau. Wasiƙarki ta iso, na karanta, na gode da tunawa da ni.

Ba zan samu zuwa ba. Ina roƙo ki ba masu shirin haƙuri.

A cikin ambulan ɗin za ki ga shafi talatin da ɗaya. Maganganun maza ne tun daga faifai na farko har na ƙarshe: jarumin, da uban yarinyar, da ɗan sanda mai in'ina, da kukan kada. Kwana shida na yi ina rubutawa. Inda na sa ɗigo biyu, a nan ake numfashi. Kada ki yi wa ɗan sandan sauri, mutane sun fi dariya idan ya maƙale sau uku.

Kin iya murya biyu. Kin taɓa yi a Yasothon lokacin da mura ta kama ni, har wata tsohuwa ta zo neman namijin ta ba shi ayaba.

Ba ki tambaya ba, amma matata ta rasu shekara shida ke nan. Na yi aikin magatakarda a makaranta har na yi ritaya.

Ina yi miki fatan nasara.
Bunrot

*

Khon Kaen, 22 ga Mayu

Yaya Bunrot,

Gaisuwa dai ga ta nan, amma gajeriya, don raina a ɓace yake. Malama? Ni ce Malama? Mutumin da muka ci kifin da ake tsimawa a tulu da shi a ganye ɗaya, wanda na cire wa ƙaya a ƙafa da allurar Kawu, yau shi ke rubuto min kamar mai neman a sa masa hannu a takardar fili.

Na ce ba zan tambaye ka komai ba. Na fasa.

Na karanta shafukanka sau biyu, ko numfashi ɗaya ba ka manta ba. Amma a shafi na talatin, a bakin kogi, inda jarumin ya ba da ƙeya yana kwance igiyar kwalekwale, ka bar layi biyu fari fat. Kar ka ce min mantuwa ce. Ka fi kowa sanin dokar Kawu: in ɗan wasa ya juya baya, ba a ganin bakinsa, mai murya ya faɗi abin da ya ga dama. Nan ne kake tsokanar mai garin duk ƙauyen da muka sauka, nan kake tallan maganin tsutsar ciki. Wuri mafi daɗi a fim ɗin ne ka bar min wayam.

Na san abin da ka faɗa a wurin a ƙauyen Nong Saeng, bayan girbi, shekara hamsin da uku da suka wuce. Kai ma ka sani. Washegari na tashi da kofi biyu a hannu, direba ya ce ka bi motar ƙanƙara tun da asuba. Ko sallama.

Na yi aure, na haifi uku, na binne miji mutumin kirki. Ba kuka nake kawo maka ba. Amma kujera biyu za su ajiye ranar nan, kuma ba na son in sake zama kusa da wadda ba kowa.

Lamduan, ba Malama ba

*

Nakhon Phanom, 1 ga Yuni

Ƙanwata Lamduan,

Ina gaishe ki. Ki yafe min Malamar nan, ban san da sunan da ya halatta in kira ki ba ne.

Tunda kin tambaya, zan faɗa. A Nong Saeng, da jarumin ya juya baya, na ce: "Kop, in motar nan ta koma gida, zan turo iyayena gidanku. Kin yarda?" Kop, sunan da ba mai kiranki da shi sai ni, saboda yadda kike diro daga mota kamar kwaɗo. Jama'a sun ɗauka wasa ne. Wata biyu na yi ina auna maganar don ta shiga daidai tsawon kwance igiyar. Ban iya faɗa miki ido da ido ba. Ni da nake tsawa da muryar ɗan fashi a gaban mutum dubu, in na tsaya gabanki sai harshena ya yi nauyi.

Kika yi shiru. Na ji numfashinki a lasifika, ban ji komai ba bayansa. Hoto ya koma kan kada, kika ci gaba da aiki, muryarki ko rawa ba ta yi ba. Na ɗauka amsar ke nan, kuma kin ba ni ita cikin mutunci. Kunya ta hana ni jiran gari ya waye.

Sai maganar zuwa. Ba girman kai ya hana ni waya ba. Shekara biyu da suka wuce likitoci suka sami ciwon daji a maƙogwarona, suka cire wurin da murya take fitowa. Yanzu ta wani rami a wuya nake numfashi, ina rufe shi da ƙyalle. Da allo da alli nake neman ruwan sha. Jikokina ba su yarda na taɓa yin kukan kada ba.

Ba na so ki gan ni haka. Na fi so ki riƙe wanda kika sani.

Layin nan biyu ki cika su da abin da kike so. Ki tsokani masu gashi shuɗi.

Yayanki, Bunrot

*

Bangkok, 12 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka sannu da jiki, sannu ƙwarai. Na yi kwana biyu ina kuka a kan wasiƙarka, na farko don muryarka, na biyu don wautarmu. Na kira ka mai girman kai, ka yafe min.

Amma kai ma wawa ne, Yaya, wallahi da kana kusa da na buga maka mafici. Shekara huɗu kana zaune a gefena, ba ka san rabin dokar da ta hau kaina ba? Bayan jarumin ya juya baya, wa ake nunawa? Yarinyar, fuskarta ta cika allon majigi, bakinta a rufe gam. Sau nawa Kawu ya buge min hannu da maficinsa yana cewa, "Baki a rufe, ke ma a rufe"? Ina da shekara goma sha tara, Kawu yana tsaye a bayana. Na cika ƙirjina da iska, numfashin da ka ji ke nan, ina jiran 'yar banzar nan ta buɗe baki in amsa. Ba ta buɗe ba. Hoto ya tsallake zuwa kada. Na ce ba komai, gobe da safe na faɗa masa da kofi. Da na ga ka gudu sai na yi fushi, na ce wasa yake, ya ji kunyar wasansa. Ban neme ka ba. Wannan laifina ne, ba na Kawu ba.

Yanzu ka zauna da kyau. Jiya yaran nan suka nuna min fim ɗin don gwaji. Aka zo bakin kogi, ya ba da ƙeya, aka nuno fuskarta, baki a rufe. Ina jiran kada. Yaya, sai ta buɗe baki! Sau uku leɓenta ya motsa. Na yi ihu na ce a tsaya, a mayar baya. Shugabarsu, wata yarinya mai tabarau, ta ce ai wannan cikakke ne. Faifanmu na mota ya taɓa tsinkewa a wurin tun kafin ya zo hannun Kawu, wani ya yanke abin da bai kai kamu ɗaya ba ya liƙe. Ta ce, "Kaka, daƙiƙa biyu ce kawai, ba ta canza labarin ba." Na ce mata, "Ke dai yi shiru, 'yar nan."

Ta tambaye ni me yarinyar take cewa a wurin. Na ce ban sani ba, ba wanda ya rage da ya sani. Amma na gwada amsata a bakin, ta zauna daidai.

Ba zan rubuta maka ita a takarda ba. Ba a takarda ka tambaye ni ba. Ramin wuyanka kuwa, ni haƙorana na sama duk na kanti ne, in na yi kukan kada sai na riƙe su da yatsa. Ka zo.

Kop

*

Bangkok, 24 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa. An yi, an gama. Gidan ya cika har ana zama a matakala. Ɗan sanda ya maƙale sau uku, sun yi dariya kamar mutanen ƙauye, kada ya sha tafi. Na hana su ɗauke kujerarka, na kuma sa a kunna makirufon da ke gabanta.

Layinka biyu ban cika ba. Da jarumin ya ba da ƙeya na yi shiru, na bar maka wurinka. Mai kula da na'ura har ya miƙe yana taɓa wayoyi. Da yarinyar ta buɗe baki na faɗi amsata. Mutum ɗari shida sun ji amsa ba su ji tambaya ba, wani mai rubutu a jarida ma ya ce min hikima ce. Wanda na yi dominsa kaɗai ne bai ji ba.

Kazar da na gasa na rabar wa masu shara. Gobe zan koma gida. Ba zan ƙara damunka ba.

Ka huta lafiya, ka sha magani.
Lamduan

*

Nakhon Phanom, 29 ga Yuni

Kop,

Ina gaishe ki.

Na ji. Ina cikin gidan, a layin kujeru na ƙarshe, kusa da ƙofa, Wanphen na riƙe da hannuna. Na yi niyyar hawowa inda kike, ban hau ba.

Da jarumin ya juya baya na faɗa, duka, kamar yadda na auna ta a da. Babu abin da ya fito sai iska. Ina rufe baki kika ce, "Na yarda." Ko ƙiftawar ido ba ki makara ba.

Iyayen da zan turo sun daɗe da rasuwa. Ciwon ya dawo, likita ya ce da wuya in ga girbin bana. Motar Khon Kaen tana isowa nan ƙarfe huɗu na yamma. Na sa an sayo alli sabo, kwali guda.

Kofin nan ki taho da shi.

Bunrot