Dashen da Awaki Suka Cinye a Bakin Gonarmu

Zuwa ga Alhaji, shugaban kwamitin da ya shirya wasan mawaƙa na dashen itatuwa a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Ni matar aure ce a wani ƙauye na ƙasar Gwaram. Gonar maigidana, Malam Sabo, tana bakin kwazazzabo, kowace damina sai ruwa ya zaftare mata kunyoyi. Ban je wasanku ba, a waya na kalla. Na ga mawaƙa cikin korayen kaya, kowa riƙe da ɗan dashen itace a leda, jama'a har kan katanga. Ni mai yawan karatun littattafan soyayya ce, na saba da labarin da wani zai sauko daga mota ya gyara komai. Sai na yarda. Ni na matsa wa Malam har ya bar muku bakin gonar, inda yake shuka gyaɗa, don ku dasa itatuwa.

Ga kokena. Na farko, kun sa wasan bayan girbi don mutane su samu sukunin zuwa, washegari kuka kawo dashen. A nan, bayan girbi ake sakin awaki da tumaki, shanu kuma su shiga gonaki cin kara. Kowa ya san haka. Ba wanda kuka tambaya.

Na biyu, ba a yi shinge ba. Aka ɗauki hoto, aka tafi. Malam ya saro ƙaya ya kewaye waɗanda ya iya, ni kuma ina tara ruwan wanke-wanke yana kai musu a jarka. Duk da haka awaki suka cinye su, yau bishiya ɗaya ce ta rage.

Na uku, daminar bana ta sake cin gonar. Malam ya ce in ta baɗi ta yi haka, zai bar noma ya tafi Legas neman aiki. Bai taɓa cewa laifina ne ba.

Ban ce waƙa banza ce ba, ta tara jama'a. Amma filin wasa ya watse a rana ɗaya, rani kuwa wata da watanni ne.

Roƙona, ku dawo da dashe a farkon damina, ku zo da wayar shinge, ku zauna da mai unguwa da ardo su nuna muku hanyar dabbobi. Ba sai da mawaƙa ba. In kuma ba za ku dawo ba, ku sanar da mu kafin ruwan farko, in san ko in fara haɗa wa mijina jaka.

Allah ya saka maka da niyyarka, ya ƙara lafiya da basira.

Wassalam.

Rabi, matar Malam Sabo